Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Sunan Bitrus Ya Samo Asali?

Wani mai sauraronmu daga Kafanchan ya aiko cewa matarsa ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji, kuma dangi na son a raɗa masa suna Bitrus. Yana neman ma'anar sunan da asalinsa.

To malam, barka da arziki, Allah ya raya.

Bitrus daga Girkanci yake, Petros, ma'anarsa dutse. Wanda ya fara amsa shi a Littafi Mai Tsarki ba da shi aka haife shi ba. Sunansa na yanka Siman, masunci ne daga Betsaida a bakin Tekun Galili. Ɗan'uwansa Andarawas ne ya kai shi wurin Yesu, Yesu kuma ya laƙaba masa Kefas, wato dutse a harshen Aramiya, Petros ke nan a Girkanci, kamar yadda Yohanna 1:42 ta nuna. A Matiyu 16:18, a yankin Kaisariya Filibi, Yesu ya danganta wannan suna da kafuwar ikkilisiyarsa.

Sai dai fa, dutsen nan ya taɓa girgiza. A daren da aka kama Yesu, sau uku Bitrus ya musanta saninsa. Amma shi ne kuma ya miƙe ranar Fentikos ya yi wa'azin da mutum kusan 3,000 suka karɓi baftisma. Tarihin ikkilisiya ya ce an kashe shi a Roma zamanin Sarki Nero.

A ganinmu dangi sun yi zaɓi mai kyau, malam. A gaida mai jego.