Ƙulli Ko Na'ura: Abin Da Mai Hawan Itace Zai Zaɓa

Da bazara ta kama, ɗorawa ta nuna, mangwaro ya yi, sai a ga mutane bisa itatuwa ko'ina. Makiyayi yana kan gawo yana sare wa bisashensa ganye, mai kuka yana bin turakun da ya kafa a jikinta, wani kuma an ɗauke shi lada ya rage rassan darbejiya da suka rufe rufin kanti. Yawancinsu ba abin da ke riƙe da su sai hannu da ƙafa. Ran da reshe ya karye, ko zufa ta sa hannu ya zame, sai gida ya rasa mai noma, ga damina a bakin ƙofa. Wanda ƙashin bayansa ya karye kuwa, sau da yawa ba ya sāke tashi.

A Turai da Amurka hawan itace sana'a ce mai zaman kanta, masu yinta kuwa ba su hawa sai da igiya. Ga yadda suke yi. Mai hawa ya ɗaura ɗamara mai ƙarfi wadda ta kama ƙugu da cinyoyi. Ya jefa doguwar igiya ta ƙetare wani reshe mai kauri, bakinta biyu su sauko. Ya ɗaure baki guda a ɗamararsa. Ɗaya bakin shi zai riƙa ja yana hawa. To, tilas a sami abin da zai kama wannan bakin in ya sake shi, ya kuma bar shi ya zame in yana son sauka. Abin nan ko dai ƙulli ne, ko na'ura ta ƙarfe.

Igiya Tukuna

Kafin a yi maganar ƙulli sai a duba igiya. Igiyar rama da ta kaba suna ruɓewa daga ciki, ido bai gani ba. Igiyar roba mai launi da ake sayarwa a kasuwa don guga da ɗaurin kaya ita ce mafi hatsari, domin tana da santsi, rana tana cinta, tana kuma narkewa in zafi ya kai wajen awo 165 na Salshiyas. Gugar igiya da igiya lokacin sauka tana iya kawo wannan zafi. Igiyar hawa ta ainihi da zaren foliyesta ake saƙa ta, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen awo 250. Kaurinta milimita 11 zuwa 13 ne, watau wajen rabin inci. A ƙa'idar Amurka ba a yarda da ita sai tana iya ɗaukar nauyin da ya kai wajen kilo 2,400 kafin ta tsinke. Araha ba ta ado, balle a nan inda rai ne ke rataye.

Ƙulli Iri Uku

Na fari shi ne ƙullin Prusik. Sunan wani mai hawan duwatsu ne na ƙasar Ostiriya, Karl Prusik, wanda ya bayyana shi a 1931. Akan sami 'yar gajeruwar igiya wadda ba ta kai babbar kauri ba, kamar milimita 8 zuwa 10, a haɗa bakinta ta zama zobe, a naɗa ta sau uku a jikin babbar igiya, kowane zagaye ana zura ta cikin kanta. In nauyi ya hau ta sai ta shaƙe, in an ɗauke nauyi sai a tura ta da hannu. Ba ta da wuyar koyo, kuskure kuma a fili yake, don in naɗin ya hau juna ido zai gani. Aibinta guda, takan cije ƙwarai, sai an yi fama kafin ta saki.

Na biyu ƙullin Blake. Heinz Prohaska ya fara bayyana shi a 1981, sa'an nan Jason Blake ya yaɗa shi cikin masu aikin itace a 1994, sunansa ya bi shi. Wannan ba ya bukatar wata igiya dabam, da wutsiyar igiyar hawa ake yinsa. A naɗa sau huɗu ana yin sama, a dawo da bakin a zura shi ƙarƙashin naɗi biyu na ƙasa, sa'an nan a yi masa ƙullin tsaro a ƙarshe don kada ya zare. Ya fi na Prusik sauƙin saki. Amma in aka zura bakin ta inda bai kamata ba, sai ya yi kama da daidai, alhali ba ya riƙo. Saboda haka a koye shi a hannun wanda ya iya, ba a takarda kaɗai ba.

Na uku shi ne wanda ake kira VT, daga masu hawa na Faransa ya fito. Naɗi ne a sama, kitso a ƙasa. Ya fi duka santsin tafiya, amma in tsawon 'yar igiyar bai yi daidai ba, yakan ƙi kamawa. Wannan na gwanaye ne, ba na ɗan koyo ba.

Na'urori

Akwai kuma na'urorin da ke yin aikin ƙulli. Kamfanin Petzl na Faransa ya fito da wata a 2013 mai suna ZigZag. 'Yar sarƙa ce ta ƙarfe da igiya ke bi ta cikinta. In nauyi ya hau ta sai ta miƙe ta kama, in an danna kanta sai ta saki a hankali. An yi ta don igiya mai kaurin milimita 11.5 zuwa 13, ba ƙasa ba, ba sama ba. Akwai wata kuma, Rope Wrench, wadda ake sa wa bisa ƙulli in za a hau igiya guda da aka ɗaure ta tsaya cik. Dalili kuwa, in igiya ta ƙetare reshe ta sauko biyu, rabin nauyin mutum kaɗai ƙulli ke ɗauka. A igiya guda kuwa duk nauyin a kansa yake, sai ya cije ya ƙi saki, sai da abin da zai rage masa.

Na'ura tana da sauri, kullum kuma riƙonta ɗaya ne. Amma tana da tsada, daga waje ake kawo ta, akwai jabu, ƙasa da ƙaro kuma suna hana ta aiki. In ta lalace ba ta gyaruwa wurin maƙeri.

To, Wanne Za A Zaɓa?

Manomin da ke hawa sau kaɗan a shekara, ya sa kuɗinsa a igiya mai kyau, da ɗamara, da ƙugiya mai makulli, ya koyi ƙullin Prusik ko na Blake. Wanda sarar itace ce sana'arsa kullum, na'ura za ta rage masa gajiya, amma shi ma sai ya iya ƙulli tukuna, don ran da na'ura ta ƙi ko ta faɗi ya sami hanyar sauka. Mai hawan dabino da giginya, da yake ba su da rassa, igiyar da ke zagaye gangar jikin itacen ita ce abin dogaronsa, ƙullin Prusik kuwa yana iya rage masa tsawonta ko ya ƙara. Ɗan kasuwa kuma kada ya sayar da igiyar guga da sunan ta hawa.

Ko wanne aka zaɓa, a kiyaye waɗannan. A gwada shi kusa da ƙasa, mutum ya saki nauyinsa duka ya ga ya riƙe, kafin ya yi nisa. A rataya igiya a ɗanyen reshe mai kaurin inci 4 ko fiye, daf da gangar jiki. Reshen kuka da na mangwaro ba su da amana, a ƙara musu kauri. In za a yi sara, a ɗaura igiya ta biyu, don in gatari ya ci ɗaya, ɗaya ta riƙe. A sauka sannu, kada a damƙe ƙulli da hannu in an tsorata, gama damƙar ce ke hana shi kamawa. 'Yar igiyar da ta yi ƙyalli ko ta taurare ta ƙone ke nan, a yar da ita. A duba zuma da wayar lantarki kafin a hau, kada kuma a hau sai da wani a ƙasa.

Ɗorawar bana in ta wuce, ta baɗi tana nan tafe. Allah ya sa a hau lafiya, a sauko lafiya.