Kiwon Kare da Tsare Jama'a Daga Haukansa: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Babu wata gunduma a ƙasar Hausa wadda ba ta da karnuka. Maharba suna da na farauta, Fulani suna da na tsaron garke, manoma suna da masu gadin gida da rumbu, a birane kuwa attajirai da ma'aikata sun shiga ajiye karnukan ƙasashen waje a bayan katanga. Malamai sun bayyana cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, ta kuma ɗora wa mai kowace dabba nauyin cinta da shanta. Amma galibin karnukan ƙauye da suna kaɗai su ke da ubangida. Da safe su fita neman abinci a juji da mahauta, da dare su komo su kwana a ƙofar gida. Ta irin wannan sakaci ne ciwon haukan kare ya ke samun hanyar shiga gari. Tun da ya ke hakimi ne ya fi kowa sanin ƙasarsa, malaminsa kuwa shi ne mai riƙe da alƙalami, ya wajaba su biyun su fahimci wannan al'amari sosai, don su iya karantar da dagatai da masu unguwanni.

1. Mene ne haukan kare?

Ciwo ne wanda wata ƙwayar cuta ta ke kawowa, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In dabbar ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, ko ta lashi wani miki a jikinsa, sai ƙwayar ta shiga, ta riƙa bin jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya ta kan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma tana iya zama mako guda, tana kuma iya kai shekara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi saurin kisa. A duk wannan lokaci mikin ya warke, mutum yana harkokinsa, har an manta da karen. Sa'an nan sai zazzaɓi, da ƙaiƙayi ko zafi a wurin tabon, da firgita, da shaƙewa in ya yi nufin shan ruwa. In ciwo ya kai nan, da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi, ko a wane asibiti ne na duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba. Kyanwa da dila da jemage su ma suna ɗaukar ciwon, shanu da jakuna da awaki kuma suna kamuwa in an cije su, amma har 99 cikin 100 na mutanen da su ke kamuwa daga kare su ke samunsa.

Riga-kafinsa ya daɗe da samuwa. A watan Yuli na 1885 wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. Don tunawa da wannan masani ne a ke ware ranar 28 ga Satumba kowace shekara don wayar da kan jama'a game da ciwon.

2. Haƙƙin kare a kan mai shi

Karen da ya ƙoshi a gida ba ya nisa da gida, wanda ba ya nisa kuwa bai cika gamuwa da mahaukaci ba. Saboda haka kiwo mai kyau shi ne matakin farko na tsaro.

Abinci. Babban kare yana bukatar ci sau ɗaya ko biyu a yini, kwikwiyo sau 3 ko 4. Sauran tuwo kaɗai ba ya riƙe shi, sai an haɗa da ɗan nama ko kifi ko wake dafaffe. Kada a ba shi ƙashin kaza dafaffe, gama yana tsagewa ya soke maƙogwaro ko hanji. Albasa mai yawa tana ɓata masa jini. Shinkafar ɓera kuwa a ajiye ta inda ba ya kaiwa.

Ruwa da inuwa. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki ya ke sanyaya jikinsa. In an ɗaure shi a rana da bazara ba ruwa, yana iya mutuwa kafin la'asar. A ware masa kaskonsa na ruwa, dabam da kwanukan gida.

Kaska da ƙuma da tsutsar ciki. A riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, musamman da damina. Maganin da malamin dabbobi ya bayar shi za a yi amfani da shi. Maganin feshin gona da baƙin man mota, waɗanda wasu ke shafa wa kare mai ƙazuwa, guba ne gare shi da yaran da ke taɓa shi. A ba babban kare maganin tsutsa wajen bayan kowane wata 3, a kuma binne kashinsa nesa da wurin wasan yara.

Kayan cikin mahauta. In an ga huhu ko hantar tunkiya ko saniya da ƙullutu masu ruwa a ciki, kada a jefa wa karnuka. Kare ya ci, tsutsa ta girma a cikinsa, ƙwayayenta su fita cikin kashinsa, su koma jikin mutum su yi irin wannan ƙullutu a hantarsa. Sarkin Pawa ya tabbata ana binne irin wannan nama ko a ƙone shi.

Ɗauri. Karen da a ke ɗaurewa da gajeriyar sarƙa dare da rana ya kan zama mafaɗaci. Gara a yi masa shinge mai fili, a kuma riƙa fita da shi a igiya.

3. Halin kare da tarbiyyar yara

Lafiyayyen kare ba ya cizo haka kawai. Ya kan yi cizo don tsoro, ko zafin ciwo, ko tsaron abincinsa da 'ya'yansa. Kafin ya kai hari ya kan yi gargaɗi: ya sandare, ya kwantar da kunnuwa, gashin bayansa ya tashi, ya bayyana haƙora yana gurnani. Yara ba su san wannan ba, ga shi kuma gajeru ne, cizo a fuska ya ke samunsu. Limamai da malaman makarantun allo da na boko su koya musu abu huɗu. Kada su jefi kare ko su ja wutsiyarsa. Kada su matsa kusa da wanda ke ci, ko barci, ko karya mai shayarwa. In kare ya taso musu kada su ruga, su tsaya cik kamar itace, hannuwa a jiki, ba tare da sun zura masa ido ba. In ya kada su, su dunƙule su rufe fuska da wuya. Na huɗu shi ne mafi girma: ko yaya cizo ko yakushi ya ƙanƙanta, su faɗa wa babba nan take. Iyaye kuwa su bar dukan yaron da kare ya ciza, gama tsoron bulala ne ke sa yaro ya ɓoye miki har ajali ya riske shi.

4. Alamun mahaukacin kare

Alamar farko ita ce sakewar hali. Mai sanyin hali ya zama mafaɗaci, mai gudun mutane ya riƙa matsowa. Daga nan ciwon ya kan ɗauki ɗayan kama biyu. A ta farko kare ya bar gida ya yi ta yawo ba kan gado, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya gamu da shi, muryarsa ta dushe, yawu na dalala. A ta biyu ba ya faɗa ko kaɗan, sai muƙamuƙinsa ya saki, baki a buɗe, ya kasa haɗiya, kamar ƙashi ya maƙale masa. Wannan ita ce mai yaudara, don mai shi ya kan tausaya ya sa hannu a bakinsa don ya ciro ƙashin. Kowace iri ce, kare ya kan shanye ya mutu cikin kwana 10 da bayyanar alamu.

5. In kare ya ciji mutum

Na farko, a wanke mikin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwararawa, har minti 15 cur. Wannan wanki yana rage ƙwayar cutar ƙwarai, kuma babu gidan da ba zai iya yinsa ba. In akwai aidin a zuba. Kada a ɗaure mikin tamau, kada a cusa masa barkono ko toka ko gashin karen, ko ɗaya ba ya kashe ƙwayar.

Na biyu, a kai shi asibiti a ranar, ko da mikin ƙarami ne. Dattawa suna tuna zamanin da a ke yin allurai 14 ko fiye a fatar ciki, har tsoronsu ya kan hana wasu zuwa. Wannan tsohuwar hanya ce. Ta yanzu a damtse a ke yi: ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, a wani tsarin kuma a ƙara ɗaya bayan mako 2 zuwa 4. In mikin mai zurfi ne likita ya kan ƙara wani magani a cikin mikin kansa. Mace mai ciki da jariri duk ana yi musu. Wanda ya yi jinkiri na makonni shi ma ya tafi, muddin alamu ba su bayyana ba. Wanda ya fara kuwa lalle ya cika adadin.

Na uku, in an san karen kuma ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi a ɗaki ko keji kwana 10, ana ba shi ci da sha, malamin dabbobi yana dubawa. In ya cika kwanakin lafiya lau, yawunsa ba shi da cutar ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran ƙarewar kwanakin kafin a fara allura. Likita ne zai ce a ci gaba ko a tsaya. In tilas ta sa an kashe karen, kada a fasa kansa, don da ƙwaƙwalwarsa a ke gane ciwon. Ma'aikatan dabbobi ne za su ɗauki kan su aika wurin bincike, kamar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta ke aiki a can tun 1924. Sauran gawar a binne ta da zurfi. Kada a bari a sayar wa fataken karnuka dabbar da a ke tuhuma, gama ta haka ciwo ya ke ƙaura daga wannan ƙasa zuwa waccan.

6. Allurar karnuka

Sau da yawa in kare ya yi ɓarna sai samari su fita da sanduna su kashe duk wanda suka gani, ko a watsa guba. An jarraba wannan a ƙasashe da dama, bai kawar da ciwon ba. Cikin 'yan watanni wasu karnukan sun maye gurbi, gubar kuwa ba ta bambanta wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, tana kuma kashe ungulaye da kaji. Abin da ya tabbata shi ne, in an yi wa 7 cikin kowane kare 10 allura, aka kuma maimaita kowace shekara, ciwon ya kan rasa inda zai bi, ya mutu. Da wannan hanya ce ƙasar Meziko ta raba mutanenta da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida haka a 2019. Manufar duniya yanzu ita ce a kai 2030 babu mai mutuwa da cizon mahaukacin kare.

Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana wata 3, a sabunta kowace shekara, a ba mai shi takardar shaida. Lissafin ba shi da wuya. Ƙauyen da ke da kare 60 yana bukatar a yi wa aƙalla 42. Amma wanda bai san yawan karnukansa ba, ba zai san ko ya kai adadin ba. Nan ne aikin malamin hakimi ya shigo.

7. Aikin hakimi da malaminsa

(a) Kowace shekara bayan kaka, kafin a fara farautar rani, hakimi ya sa dagatai da masu unguwanni su ƙidaya karnukan ƙasarsu. Sarkin Baka ya kawo na maharba, Arɗo ya kawo na ruga.

(b) Malami ya buɗe littafin karnuka: sunan mai kare, unguwarsa, yawan karnukansa, namiji ko mace, da ranar allura ta ƙarshe.

(c) Ya buɗe littafi na biyu, na cizo: ranar cizo, sunan wanda aka ciza da shekarunsa, wurin mikin, mai karen, ko an wanke, asibitin da aka kai shi, ranakun alluransa, da abin da ya sami karen bayan kwana 10.

(d) Duk labarin cizo ya isa ga hakimi a ranar, shi kuma ya sanar da sashen lafiya da na dabbobi na ƙaramar hukuma. In kare ɗaya ya ciji mutane da yawa, a bi sawunsa ƙauye ƙauye a nemo su duka, har da dabbobin da ya ciza.

(e) Hakimi ya binciko tun da wuri asibitin da ke ajiye allurar mutane mafi kusa da gundumarsa, ya sanar da dagatai. Ba a fafe gora ranar tafiya. In talaka ya kasa kuɗin mota ko na allura, mai karen ne farkon wanda ya kamata ya taimaka.

(f) In ma'aikatan dabbobi za su zo yin allura, sanƙira ya yi shela a kasuwa, a kuma faɗa a masallatai kwanaki kafin ranar.

Hakimin da ya riƙe waɗannan littattafai biyu da gaskiya zai iya faɗin yawan karnukan ƙasarsa, da nawa aka yi wa allura, da inda kowane yaron da aka ciza ya kwana a kan alluransa.

Tambayoyi don nazari

1. Don me mikin da ya warke ba ya nuna cewa mutum ya tsira?
2. Wane abu ne na farko da za a yi wa wanda kare ya ciza, har tsawon minti nawa?
3. Gunduma tana da kare 350. Aƙalla nawa za a yi wa allura?
4. Me ya sa kashe karnuka barkatai ba ya kawar da ciwon?