Darasin Kara: Laifin Doka Daban, Laifin Amana Daban

Darasinmu na wannan fitowa shi ne bambanci tsakanin abin da doka ta hana da abin da mutunci ya hana. Da yawa cikinmu suna ganin in dai jandarma bai kama mutum ba, to ba laifi. Wannan kuskure ne.

Laifi iri uku ne a sana'armu.

Na farko, wanda doka ta hana, addini ma ya hana: satar dabba, ko sayen dabbar da ka san ta sata ce. Hukuncinsa kaso da tara, ga zunubi.

Na biyu, laifin takarda: ƙetare iyaka da garke ta ɓarauniyar hanya don kauce wa duwan, ko tafiya ba takardar likitan dabbobi. Shanun naka ne, halal ɗinka ne, amma ana iya tsare su, a ci ka tara. Kuma kada mu raina takardar allura, don saniya guda mai ciwon huhu tana iya shafa wa garken makwabci.

Na uku shi ne mai wuyar sha'ani, don da wuya alƙali ya same shi. Mutum ya ba sa kanwa, ya ɗirka masa ruwa daren kasuwa don ciki ya cika. Ko a ƙi tatsar saniya kwana biyu don hantsa ta kumbura. Ko abokin mai dabba ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba. Malamai na kiran wannan najashi, kuma Annabi (SAW) ya hana. Ya hana ɗaure nono a hantsa ma, har ya ba mai saye damar mayar da dabbar tare da sa'i guda na dabino. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a makaranta, ta hana algus da ɓoye aibin haja.

To, ina hukuncin wannan? Ai kara ce kotunsa. Kun san yawancin cinikinmu bashi ne: daga Maraɗi ko Ƙonni har Ikko, mai gida ke tsaya wa baƙonsa, mahauci ya ɗauki sa ya biya daga baya, ba takarda ba sa hannu. Ranar da aka shaidi mutum da ha'inci, ba mai tsaya masa, ba mai ba shi igiya. Tara ana biya a wuce. Sunan da ya ɓaci kuwa, har ƴaƴa sai sun gada.

Saboda haka kafin ka ce "na sallama", tambayi kanka abu biyu: hukuma ta yarda? In ni ne mai sayen, zan yarda? Faɗi aibin dabbarka ko da za a rage maka jikka biyar.

Allah ya ba mu halal, ya tsare mu da haƙƙin mutane. Amin.