Ciwon damuwa: za a iya barin maganin likita a koma ga ƙwayoyin amino asid?

A wani ƙauye da muke aiki tare da zumuntar mata, akwai wata gwauruwa da ta rasa mijinta da rumbunanta a dare ɗaya, lokacin da aka kai musu hari. Wata shida bayan haka ba ta iya barci, ba ta cin abinci, ta daina zuwa gona, ta daina zuwa sujada. 'Yarta ta kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mata magani. Cikin wata biyu ta fara warwarewa.

Sai wani ɗan dangi ya dawo daga birni da kwalaben ƙwayoyi na sayarwa. Ya ce mata, "Mama, maganin asibiti guba ne. Wannan kuwa daga tsiro aka yi shi, amino asid ne, ba ya cutarwa." Ta sayar da akuya ta sayi kwalba biyu, ta ajiye maganin likita. Kwana huɗu tsakani ta fara jin jiri da tashin zuciya, barci ya sāke ƙaurace mata. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo mata gaba ɗaya. Mun gode wa Allah 'yarta ta mayar da ita asibiti da wuri.

Mene ne amino asid?

Amino asid ƙananan sinadarai ne da suke haɗuwa su zama furotin, wato abin da ke gina jiki. Iri 20 ne, tara daga cikinsu dole sai daga abinci muke samun su. Ɗaya daga cikin taran nan shi ne tiriftofan. Jiki yakan juya shi ya zama 5-HTP, daga nan ya zama serotonin, sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Yawancin ƙwayoyin 5-HTP ana yin su ne da 'ya'yan wani tsiro mai suna girifoniya, wanda ake tsinta a dazuzzukan Ghana da Kwaddibuwa da Togo.

Masu talla sukan ce ƙarancin serotonin ne ke kawo ciwon damuwa, don haka in ka sha ƙwayarsu ka warke. Maganar tana da daɗin ji, amma a shekarar 2022 wasu masana a Ingila sun tattara binciken shekaru da yawa, ba su sami tabbacin cewa ƙarancin serotonin ne tushen ciwon ba. Rashi, tsoro, talauci, doguwar jinya, haihuwa da gado duk suna da hannu a ciki.

Me bincike ya nuna?

A shekarar 2002 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken magunguna, ta duba gwaje-gwaje 108 da aka yi a kan tiriftofan da 5-HTP. Biyu kaɗai suka cika ƙa'ida, mutum 64 ne kuma a cikinsu. An ga alamar taimako, amma mutanen sun yi kaɗan a kafa hujja da su.

A shekarar 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga nazarin gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutum fiye da dubu 116. Magungunan ciwon damuwa 21 da aka duba, kowannensu ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta amfani. Ba kowa suke warkarwa ba, suna kuma da nasu matsaloli, kamar bushewar baki, kasala, ƙiba da raguwar sha'awar aure. Amma an gwada su, an san amfaninsu, an san illarsu.

Daga tsiro ba ya nufin babu haɗari

Rogo mai ɗaci ma daga gona yake, amma in ba a jiƙa shi ba yana kisa. A shekarar 1989 a Amurka, mutum fiye da 1,500 sun kamu da wata baƙuwar cuta mai tsananin ciwon tsoka, fiye da 30 suka mutu. Da aka bi sawu, sai aka gano ƙwayoyin tiriftofan ne da wani kamfani na Japan ya sarrafa. Dokar Amurka ta 1994 kuma ba ta tilasta wa masu yin irin waɗannan ƙwayoyi su nuna cewa suna aiki kafin su sayar ba. A nan gida ma, lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da ciwon damuwa.

Akwai haɗari biyu da muke so kowane gida ya sani:

1. Barin magani farat ɗaya. Jiki ya riga ya saba da shi. Tsayawa nan take yakan kawo jiri, amai, munanan mafarkai, saurin fushi, da jin kamar lantarki na fizgar kai. Ciwon kansa yakan iya dawowa.

2. Haɗa su wuri ɗaya. Shan 5-HTP ko tiriftofan tare da magani irin su fuloksetin ko amitiriftilin yakan iya sa serotonin ya yi wa jiki yawa. Tiramol ma yana ƙara wannan haɗari. Alamun su ne rawar jiki, zufa, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, zawo da ruɗewa. Wanda ya nuna su, a kai shi asibiti ba jinkiri.

In mutum yana so ya bar magani fa?

Yana da 'yancin tambaya. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa maganin, ya faɗi abin da ke damunsa, ko tsada ce ko yadda yake ji a jiki. Za a iya canja masa wani. Maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa, ana kuma ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an sami sauƙi. In lokaci ya yi, likita zai rage shi kaɗan kaɗan cikin makonni ko watanni. A tafi masa da duk kwalbar da ake sha, har da maganin gargajiya.

Tiriftofan kuwa yana nan cikin tukunyarmu: ƙwai, nono, kifi, gyaɗa, riɗi, wake da waken suya. Kuɗin kwalba ɗaya gara a sayi waɗannan, gida duka ya ci.

Aikin ikkilisiya

Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Sauraro ma yana da ƙarfi: a Zimbabuwe an horar da tsofaffin mata suna zama a benci kusa da asibiti suna sauraron masu damuwa, bincike na 2016 kuma ya nuna mutane sun sami sauƙi sosai. Zumuntar mata da dattawa za su iya ziyara, su taya noma, su haɗa kuɗin mota zuwa asibiti. Wanda ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A ɓoye maganin feshi da na ƙwari, a kai shi asibiti a ranar.

Domin tattaunawa

Ku karanta 1 Sarakuna 19:1-18.

• Wane hali Iliya ya shiga, me kuma ya roƙa?
• Me Allah ya fara ba shi kafin ya yi masa magana?
• Da wane suna muke kiran masu ciwon damuwa a ƙauyenmu? Sunan yana sa su ɓoye ciwonsu?
• In mai tallar ƙwayoyi ya nemi a ba shi lokaci bayan sujada, waɗanne tambayoyi za mu yi masa?
• Wa za mu ziyarta a wannan mako, wa zai je?