Dafin Funfunar Masara da Ɓarnar da Yake Yi a Jiki

Ya ku manoma da matan gida, ku sani akwai wata funfuna mai suna Fusarium wadda ke kama masara tun tana gona, musamman idan fari ya taɓa ta ko tsutsa ta huda goyon. Wani lokaci a ga ƙwayar ta yi fari-fari ko ja-ja, wani lokaci kuma ba a ganin komai. Wannan funfuna tana fitar da dafi da ake kira fumonisin. Masana a Afirka ta Kudu ne suka gano shi a 1988, suna binciken dalilin yawan sankarar maƙoshi a yankin Transkei, inda masara ce abincin kullum.

Yadda dafin yake aiki

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana lulluɓe da siririyar fata ta maiƙo. Daga cikin maiƙon nan akwai wanda ake kira siramayid. Shi da danginsa suna ƙarfafa fatar, kuma suna kai saƙo cikin ƙwayar: yaushe za ta girma, yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta mutu ta ba sabuwa wuri.

Jiki yana ƙera siramayid daga wani sinadari mai suna sifinganin. To, fumonisin ya yi kama da sifinganin ƙwarai. Sai sinadarin da ke aikin ƙirar ya karɓe shi bisa kuskure, ya toshe, kamar baƙon mabuɗi da ya karye cikin kwaɗo. Masu bincike a Amurka ne suka bayyana haka a 1991. Daga nan sifinganin ya taru ya yi yawa, siramayid ya yi ƙaranci, saƙo ya rikice. Ƙwayoyin hanta da ƙoda su riƙa mutuwa ba lokacinsu ba, jiki kuma ya yi ta gaggawar maye gurbinsu. A 2002 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa dafin cikin abubuwan da ka iya jawo sankara.

Ƙofar da folik asid ke bi ya shiga ƙwayar halitta ita ma a cikin maiƙon nan take zaune, don haka idan dafin ya rikita maiƙon, ita ma sai ta rikice. Folik asid kuwa shi ke taimaka wa lakar jariri ta rufu a watan farko na ciki. Shi ya sa masana suka zargi dafin sa'ad da aka haifi jarirai da yawa masu tawayar ƙwaƙwalwa da laka a kudancin Texas a 1990 da 1991. Doki kuma idan ya ci, ƙwaƙwalwarsa ce ke ruɓewa.

Abin da za a yi

Dahuwa ba ta kashe wannan dafi, don haka tun kafin tukunya ake maganinsa.

1. A girbe masara da ta nuna, a shanya ta a kan tabarma ko leda, ta bushe sarai kafin ta shiga buhu ko rumbu.
2. A tsince ruɓaɓɓu da hudaddu da masu sauyin launi.
3. A wanke, a zubar da duk ƙwayar da ta taso saman ruwa.
4. A surfa kafin niƙa, domin dafin ya fi taruwa a dusa.
5. Kada a ba doki abin da aka tsince, ko dusar masara mai funfuna.
6. A riƙa sauya tuwon masara da na dawa ko gero, mata kuma su je awo da wuri, su sha folik asid yadda ma'aikatan lafiya suka umarta.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa kafin kaka ta zo.