Matar da Ta Zauna da Birai a Dajin Gombe

Yara, darasinmu na wannan fitowar a kan wata baturiya ne, Jane Goodall, wadda ta rasu ranar 1 ga Oktoba 2025 tana da shekara 91. Ina so iyaye su karanta tare da ku, domin ni dai a cikin masu binciken dabbobi babu wanda ya burge ni kamarta.

An haife ta a Landan a 1934. Gidansu ba su da halin kai ta jami'a, sai ta koyi aikin sakatariya, ta kuma yi aikin kai wa baƙi abinci har ta tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Kenya a 1957. A can ta haɗu da Louis Leakey, masanin ƙasusuwan mutanen da, shi kuma ya tura ta dajin Gombe a watan Yulin 1960. Kada ku ɗauka Gomben Najeriya ce. Wannan tana bakin tafkin Tanganyika, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Turawan mulki suka ce ba za a bar budurwa ita kaɗai a daji ba, shi ya sa mahaifiyarta ta raka ta.

Abin da ya kai ta shi ne cimfanzi, wato babban birin nan marar wutsiya. Wata da watanni, da sun hango ta sai su arce. Kullum da asuba takan hau tudu da madubin hangen nesa da littafi, ta zauna shiru, har suka saba da ganinta.

Ga inda nake so ku natsu. Wata rana ta ga wani namiji mai farin gemu, wanda ta sa wa suna David Greybeard, zaune a gindin suri. Ya zura tsinken ciyawa cikin rami, ya ɗan jira, ya zaro shi da gara manne a jiki, ya kai baki. Daga baya ta ga suna karyo reshe, su zage ganyen, sannan su zura. Wato ba tsintar kayan aiki kawai suke ba, gyara shi suke. A lokacin masana na cewa mutum kaɗai ke yin haka. Budurwar da ba ta da digiri ce ta rushe maganar, da ido da haƙuri.

Da ta je Jami'ar Kambirij yin digirin dakta, malamai suka ce lamba ake ba dabba, ba suna ba. Ta ƙi. A ganina tana da gaskiya: duk mai kiwo ya san kowace akuya da halinta. A 1972 wata tsohuwar uwa, Flo, ta mutu. Ɗanta Flint ya daina cin abinci, bayan 'yan makonni ya bi ta. Amma Jane ba ta ɓoye muninsu ba. Ta rubuta yadda daga 1974 zuwa 1978 wani rukuni ya riƙa kashe mazan ɗaya rukunin har ya ƙare su.

Bayan wani taro a Shikago a 1986, inda ta ji yadda ake sare dazuzzuka, ta bar zaman daji ta shiga yawon faɗakarwa. Ta gane talaka mai neman itace da gona ba zai tsare daji da yunwa ba, don haka cibiyarta ta fara da ƙauyukan da ke kewaye da Gombe: dashen itatuwa, ruwan sha, karatun 'yan mata. A 1991 ta kafa ƙungiyar yara ta Roots & Shoots da ɗalibai 12 a Darussalam.

Mu ma a Kamaru muna da cimfanzi. Iyaye, in kun ga ana tallar jaririnsa, ku sani da wuya a raba shi da uwarsa ba a kashe ta ba. Irin waɗannan marayun ake reno a cibiyar namun daji ta Limbe.

Aikin gida: kowa ya zaɓi dabba ɗaya, kaza, kyanwa ko ƙadangare, ya kalle ta minti 15 kullum har mako guda, ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai. Ku kawo mini ranar Asabar.