Mu Koyi Turanci: Yadda Ake Amfani da Kalmar "Stop"

'Yan'uwa, kalmar da za mu duba a wannan fitowa gajeriya ce, amma ita kaɗai tana yin aikin kalmomin Hausa huɗu: tsaya, tsayar, daina da hana. Wanda bai bambance su ba yana iya faɗin kishiyar abin da yake nufi.

Na farko, tsayawa. "The lorry stopped at Gujungu." Wato motar ta tsaya a Gujungu.

Na biyu, tsayarwa. A nan sai a ambaci abin da aka tsayar. "The driver stopped the lorry." Direba ya tsayar da motar.

Na uku, dainawa, kuma a nan ne aka fi tuntuɓe. In ana nufin an bar wani aiki, aikatau mai biyowa yakan ƙare da "-ing". "The fishermen stopped fishing." Masunta sun daina kamun kifi. Amma in aka ce "The fishermen stopped to fish," ma'ana ta juya: sun tsaya ne domin su kama kifi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Likita zai iya rubuta "Stop taking this medicine," wato a daina shan maganin. Yaron da ya karanta wa mahaifiyarsa takardar, ya ɗauka cewa aka yi ta tsaya ta sha, ya jefa ta cikin haɗari bai sani ba.

Na huɗu, hanawa. Tsarinsa shi ne: "stop", sai wanda aka hana, sai "from", sai aikatau mai "-ing". Misalin yana ƙofar gidanmu, gama kowa ya san yadda ciyawar kachalla ke toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru: "The grass stops the water from flowing." Wanda ya ga ambaliyar 2022 kuma zai gane wannan: "Sandbags can stop the flood from entering our houses." Kada a ce "Stop him to go." Daidai shi ne "Stop him from going."

A lura da rubutu: harafin "p" yakan zama biyu a "stopped" da "stopping". Masu duba jarrabawar WAEC da NECO sukan rage maki saboda irin wannan kuskure. Wajen furuci kuma, a haɗe leɓɓa sosai, kada a ce "sitof".

Ga aikin gida. A mayar da waɗannan zuwa Turanci:

1. Ruwan sama ya tsaya.
2. Manoma sun daina shukar shinkafa.
3. Mun tsaya domin mu sha ruwa.
4. Ambaliya ta hana yara zuwa makaranta.

Iyaye, ku zauna da 'ya'yanku ku gwada tare. Za mu kawo amsoshin a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.